Tambaya da Amsa: Hanyoyin da Mai Keke Zai Bi a Zariya Ba Tirela a Bayansa

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan keke. Mun ware waɗanda suka fi maimaituwa, muka miƙa su ga masu gyaran keke da waɗanda suka daɗe suna hawansa a ƙasar Zazzau. Ga abin da suka ce.

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya ce in riƙa motsa jiki saboda hawan jini, sai na sayi keken gwanjo mai giya. Amma duk titin da na hau, ko tirela ko 'yan acaɓa sun hana ni sakat. Wace hanya ce babu hayaniya a kewayen Zariya? Daga wani ma'aikaci, Tudun Wada.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara lafiya. Abu na farko da za ka riƙe shi ne, a Zariya agogo ne ke kawo shirun hanya fiye da sunan hanyar. Titin da za ka bi da ƙarfe shida da rabi na safiyar Lahadi kana jin kukan tsuntsaye, shi ne wanda ba za ka iya tsallakawa ba da ƙarfe takwas na safiyar Litinin. Saboda haka ka fita da zarar gari ya waye bayan sallar Asuba, ka dawo gida kafin ƙarfe tara. Asabar da Lahadi sun fi, don babu masu kai yara makaranta.

Akwai wuraren da ko da asubar ma ba na mai motsa jiki ba ne. Babban titin Kaduna zuwa Kano, gadar Kwangila, shataletalen PZ da mahaɗar Ƙofar Doka, duk ka ɗauke su wuraren wucewa kawai. Idan dole sai ka ratsa, ka sauka ka tura keken, babu abin kunya a ciki.

Ga sabon hannu irinka, babu kamar cikin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Titunan unguwannin ma'aikata na da kwalta da inuwar itatuwa, motoci ba sa gudu, kuma akwai 'yar gangara zuwa ɓangaren madatsar ruwan Kubanni da za ta koya maka canza giya ba tare da ta wahalar da kai ba. Ka riƙe katin shaidarka saboda masu gadin ƙofa, ka bi abin da suka ce. Matsalar ita ce isa can daga Tudun Wada, don titin Sakkwato da ya bi ta Palladan zuwa Samaru na da cunkoso. Wannan ma wani dalili ne na sammako.

Idan ƙafarka ta fara sabawa, ka nufi yamma, ɓangaren Wusasa da Kufena. A ganinmu nan ne hanyar da ta fi kowace daɗi kusa da gari. Kana barin Ɗan Magaji hayaniya ke raguwa, ka wuce Wusasa inda tsohuwar majami'ar ƙasa ta 1929 take, dutsen Kufena yana gabanka yana ƙara girma. Daga inda kwalta ta ƙare sai burji da hanyoyin gona masu zagaya gindin dutsen. Ba dutsen ake hawa da keke ba, kewayensa ake bi, kuma ƙasar wurin tana hawa da sauka a hankali, irin wanda ke sa zuciya aiki ba tare da ta buga da ƙarfi ba. Taya siriri ba ya son wannan hanya. Sai mai faɗin inci ɗaya da rabi ko fiye.

Arewa kuma akwai ɓangaren Basawa da Bomo, har zuwa Hunƙuyi ga mai dogon numfashi. Gonaki ne hagu da dama, ƙasar shimfiɗaɗɗiya, sai inda hanya ta gangara fadama ta sake haurawa. Kada ka ciro waya kana ɗaukar hoto kusa da barikin soja. Kuma kafin ka nufi kowane gari na karkara, ka tambayi direbobin tasha ranar da kasuwarsa ke ci, don ranar kasuwa da jajiberinta motocin hatsi da na rake ne ke mallakar hanyar.

Titin Jos, bayan ka haye kogin Galma ka wuce Dakace ka nufi Maigana da Soba, yana da dogayen hawa masu kyau, amma yana da aibi guda da mutane ba sa lura da shi. Da safe gabas ka nufa, rana tana cikin idonka, tana kuma cikin idon direban da ke tahowa ta bayanka. Ba lallai ya gan ka ba. Ko dai ka bari rana ta ɗan ɗaga, ko ka sa fitila ja mai ƙyaftawa a baya da riga mai haske.

Tunda maganar hawan jini ce, ka fara da minti ashirin zuwa talatin, sau uku a mako. Ma'aunin shi ne ka iya magana kana tuƙi. Idan ka ji ciwon ƙirji ko jiri, ka tsaya, ka koma wa likitanka.

Tambaya: Kekena na da giya 21, amma da na kama hawa sai ƙafa ta mutu, gwiwa ta kama ciwo, in sauka in tura. Keken ne ko ni ne? Daga wani ɗalibi, Kongo.

Amsa: Mafi yawan lokuta ba keken ba ne, ba kuma ƙarfinka ba ne, giyar ce ba ka canzawa a kan lokaci. Giya 21 na nufin farantai uku masu haƙora a gaba, bakwai a baya. A irin waɗannan kekunan na gaba sukan zama masu haƙora 42, 34 da 24, na baya kuma daga 14 zuwa 28. Ƙa'idar ita ce: ƙaramin faranti a gaba da babba a baya shi ne sauƙi, babba a gaba da ƙarami a baya shi ne gudu. Idan sarƙa na kan 42 a gaba da 14 a baya, duk juyin feda ɗaya taya zai juya sau uku, wato ka tura kanka da keken fiye da mita shida. Idan tana kan 24 da 28, juyi ɗaya bai kai mita biyu ba. Ka ga wanda ya kama hawa a giyar farko yana ɗaukar nauyin da ya ninka na biyun fiye da sau uku a kowane taku. Gwiwa ce ke biyan kuɗin.

Ka canza tun kafin hawan ya kama ka, lokacin da ƙafa ke juyawa da sauƙi. Giya ba ta shiga sai feda na juyawa, amma kuma ba ta son a canza ta ana danna feda da dukkan ƙarfi. Ka sassauta ƙafa na rabin juyi, ka canza, ka ji ta shiga, sannan ka ci gaba. Masu canzawa a tsakiyar hawa suna tsaye a kan feda su ne ke tsinka sarƙa, ko su lanƙwasa ɗan ƙarfen da ke riƙe da na'urar giyar baya. Wannan ƙarfen idan ya lanƙwashe ya yi ciki, wata rana na'urar za ta faɗa cikin sifoki ta karya su.

Ka ƙirga juyin ƙafarka da agogo. Abin da ake so shi ne tsakanin 70 da 90 a minti ɗaya. Idan ka sauko ƙasa da 60, giyar ta yi maka nauyi. Kada kuma ka haɗa babba da babba ko ƙarami da ƙarami, don sarƙar na karkacewa, ta yi ta ƙara tana cin haƙora.

Sai sirdi. Yawancin masu keke a garin nan sirdinsu ya yi ƙasa, saboda suna son ƙafa ta taɓa ƙasa suna zaune. Ka jingina da bango, ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sak. Idan ka mayar da tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, to nan ne daidai. Ciwo a gaban gwiwa yakan nuna sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayanta kuma ya yi sama. Ka riƙa gyarawa da rabin santimita, kada ka ɗaga da yawa lokaci guda. A jikin sandar sirdin akwai layin da aka zana, kada ka fito da ita ta wuce shi.

Tambaya: Ni tsohon keke ne da ni, baƙi, marar giya, irin na da. Ina kai kaya gona ta hanyar Shika. Akwai dabarar da za ta rage mini wahalar hawa ba sai na sayi sabo ba? Daga wani manomi, Samaru.

Amsa: Akwai, Baba, kuma ba ta da tsada. Ka sa mai gyara ya ƙirga haƙoran firiwil ɗinka, wato farantin baya. Irin waɗannan kekuna sukan zo da 18 a baya, 44 ko 46 a gaba. Da taya mai inci 28, juyin feda ɗaya na kai ka kusan mita biyar da rabi. Idan aka canza firiwil zuwa mai haƙora 22, zai koma kusan mita huɗu da rabi, nauyin taku ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Sarƙar za ta yi gajarta, sai a ƙara mata gaɓa guda cikakkiya, wato inci ɗaya. A miƙaƙƙiyar hanya gudunka zai ɗan ragu, amma mai buhun masara a kariya ba gudu yake nema ba.

A ɗaure sarƙar yadda za ta motsa sama da ƙasa kamar santimita ɗaya a tsakiya. Idan ta yi tsauri tana cin boris, idan ta yi sako-sako tana zamewa a gargada.

Tambaya: Gangara ce ke ba ni tsoro. An ce mini kada in taɓa birkin gaba don zai kifar da ni. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu, Sabon Gari.

Amsa: Rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka bari shi ne mai haɗari. Idan ka taka birki nauyinka gaba yake tafiya, tayar baya ta yi sakayau. Shi ya sa birkin gaba ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayar da keke, na baya kuma da ka matse shi sosai sai taya ta kulle ta ja ƙasa. Wanda ya dogara da na baya kaɗai, ranar da akuya ta faɗo masa a gangara ba zai tsaya ba. Abin da ke kifar da mutum shi ne fizgar birkin gaba farat ɗaya, hannuwa a sake, jiki a gaba. Ka matsa baya a kan sirdi, ka ƙarfafa hannuwa, ka matse duka biyun a hankali kana ƙarawa. Ka je filin ƙwallo ka gwada sau ashirin kafin ka gwada a titi. Ka kuma tabbatar wane hannu ne na gaba a kekenka, don kekunan gwanjo daga ƙasashe daban-daban suke zuwa, wani na gaba a dama yake, wani a hagu.

Inda ake sassauta na gaba shi ne kan yashi, tsakuwa da laka, da kuma cikin kwana. Gudu kafin kwana ake rage shi, ba a cikinta ba. Wannan na da muhimmanci a nan, saboda gangarorin Zariya kusan duk a kwalbati ko 'yar gada suke ƙarewa, kuma nan ne ruwan damina ke tara yashi, nan ne kwalta ke fara fashewa. Wato inda gudunka ya fi yawa nan ne hanya ta fi muni. A feda kuma, idan za ka sha kwanar dama, fedar dama ta kasance a sama, kada ta daki ƙasa.

Ka duba roban birki duk mako. Tazararsa da gargare ta zama milimita biyu zuwa uku, ya sauka a kan ƙarfen sosai, kada ya taɓa taya, don zai yanka gefenta. Idan tsagin da ke jikinsa ya shafe, ya ƙare. Ka ciro tsakuwar da ta maƙale a ciki da bakin allura. Idan ka matse hannun birki ya taɓa kan keken, waya ta saki, a ja ta. Masu keken da ke da birkin sanda da gargaren ƙarfe mai sheƙi su sani cewa idan ruwa ya jiƙa shi, taya sai ta juya sau da yawa kafin birki ya fara kamawa.

Tambaya: Kusan kullum sai na yi faci. Mai faci ya ce tub ne ba shi da kyau, na canza, ba ta canza zani ba. Daga wani tela, Ƙofar Gayan.

Amsa: Hudar ce za ta gaya maka mai laifin, don haka ka tsaya a kan mai facin ka gani da idonka. Idan ƙananan huda biyu ne gefe da gefe kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan, ka daki bakin rami gargare ya tsunkule tub. Idan huda ɗaya ce ta ɓangaren da ke kallon ƙasa, ƙaya ce ko waya, kuma sau da yawa tana nan a cikin tayar. Tsidau ne babban ɓarawon iska a hanyoyin gona da kaka da rani, sai ƙayar bagaruwa da farar ƙaya inda aka yi shinge. A bi cikin tayar da tsumma ko yatsa a hankali kafin a mayar da tub. Idan kuwa hudar ta ɓangaren gargare take, kan sifoki ne ke sukar sa, robar da ke rufe su ta yage ko ta goce. A sa sabuwa, ko a yanka tsohon tub a naɗa. Idan a gindin bawul take, tub ne ke zamewa saboda ƙarancin iska, kuma wannan ba ya facuwa.

Adadin iskar na rubuce a gefen taya. A taƙaice, taya mai faɗi ta inci 26 na son 35 zuwa 50 a ma'aunin da masu faci ke amfani da shi, matsakaiciya 55 zuwa 70, siririya ta keken tsere 85 zuwa 100. Mai nauyi ya kusanci na sama, mai bin burji ya ɗan rage. Injin masu facin mota na cika tayar keke cikin daƙiƙa kaɗan, a riƙa sawa kaɗan-kaɗan. Siririn bawul mai ɗan noti a kai ba ya shiga bakin injinsu sai da 'yar mahaɗa, ka saya ka bar ta a jaka.

Facin da ke ɗagowa kuma gaggawa ce ke jawo shi. A kankare wurin da samfefa, a shafa sholisho siriri ya fi facin faɗi, a bar shi minti biyar har ya daina sheƙi, sannan a manna a danne sosai. Wanda ya manna a kan ɗanyen sholisho gobe zai dawo.

Duk mai fita bayan gari ya riƙe tub guda, famfo, ƙarfen cire taya biyu, faci da sholisho, sifana mai lamba 15 idan ƙafafun na noti ne, da makullan alan masu lamba 4, 5 da 6.

Tambaya: Wane lokaci na shekara ya fi dacewa, kuma ruwa nawa zan ɗauka? Daga wani malamin makaranta, Gyallesu.

Amsa: Ƙarshen damina zuwa farkon sanyi, wato Oktoba da Nuwamba, ya fi kowane lokaci. Ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta taso ba, burji ya daskare. Sai dai ka kula da shanyar masara da barkono a gefen kwalta, da kara da manoma ke jibgewa.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, iskar daga arewa maso gabas take busowa, kuma tana ƙaruwa idan rana ta ɗaga. Dabarar ita ce ka fita kana fuskantarta da sauran ƙarfinka, ta ɓangaren Basawa misali, ka dawo tana tura ka. Wanda ya yi akasin haka zai ji daɗin tafiya ya sha wuyar dawowa. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango Kufena daga gari, ka haƙura, musamman mai asma. Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 35 da rana, kada ƙarfe tara ta same ka a waje. Da damina kuwa, idan hadari ya haɗo daga gabas ka nemi gini ka fake, ba gindin itace guda a fili ba, ba kuma kan dutse ba. Kada ka ratsa ruwan da ke gudu a kan kwalbati, ba ka san ko rabin hanyar ya tafi ba.

Ruwa kuma, rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa gwargwadon zafi, wato ledar ruwa ɗaya zuwa biyu. Ka riƙa kurɓa duk minti goma sha biyar. Hunturu na yaudara, gumi na bushewa nan take sai mutum ya ɗauka bai yi ba. Idan tafiyar za ta wuce awa biyu, ka haɗa lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya tambayi likitansa kafin ya sha wannan. Dabino biyar ko shida, ayaba, ko ƙuli-ƙuli sun isa guzuri. Da azumi kuma, sa'ar ƙarshe kafin Magariba ita ce mafi haɗari a titunan Zariya, kowa na saurin zuwa gida. Gajeren zagaye cikin unguwa bayan Asuba ya fi.

Tambaya: Kuna ta maganar hanyoyin da babu mutane. A wannan zamani, hanyar da babu mutane ba ita ce abin tsoro ba? Daga wata uwa, Wusasa.

Amsa: Hajiya, kin yi gaskiya. Shirun da muke nufi na rashin manyan motoci ne, ba na rashin jama'a ba. Hanyar da ake so ita ce wadda manoma ke bi zuwa gona, mata na tafiya da tallan nono, ɗan acaɓa na wucewa jefi-jefi. Idan hanyar da aka saba ganin mutane ta zama wayam, a juya.

Kowa ya san halin da yammacin jihar Kaduna ya shiga, hanyar Birnin Gwari da dazuzzukan Giwa ba wurin yawon keke ba ne, kuma an sha samun hare-hare a unguwannin da ke gefen Zariya kanta. Yanayin na canzawa daga wata zuwa wata, shi ya sa ba za mu ce wa kowa hanya kaza lafiya lau take ba. Waɗanda suka fi sanin labarin jiya da daddare su ne 'yan acaɓan tashar da ke bakin hanyar, masu shayi da 'yan sintiri. A tambaye su a ranar, ba makon jiya ba. A fita mutum uku ko fiye, a faɗa wa na gida hanyar da lokacin dawowa, a dawo da rana a sama. Kada a sa hanya da lokacin fita a Facebook kafin a tafi, kuma kada a riƙa bin hanya guda a lokaci guda kullum. A yi sallama a duk ƙauyen da aka shiga. Idan an haɗu da garken shanu a sauka a tsaya gefe har su wuce, kada a kaɗa musu ƙararrawa.

Idan kuma ɗanki na hawan keke, ki tabbatar yana sa hular kwano, yana bin hannun dama tare da motoci. Bin hannun da motoci ke fuskantar mutum, wai don ya riƙa ganinsu, shi ke sa direban da ke fitowa daga lungu bai duba ɓangarensa ba.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, ina son hawa cikin makaranta, amma hijabi da doguwar riga na shiga sarƙa. Daga Samaru.

Amsa: Malama, ki nemi keken da ba shi da sandar sama, mai murfin sarƙa cikakke, irin na Japan da ke cike a kasuwar gwanjo. A sa masa raga a gefen tayar baya don kada gefen riga ya shiga sifoki. Hijabin ya tsaya iya ƙugu, ki sa wando a ciki, ki tattare rigar da roba a idon sawun dama, ɓangaren da sarƙa take. Masu kaftani da babbar riga ma wannan shawarar ta shafe su.

Tambaya: Tudun Zariya ya yi mini kaɗan. Ina zan sami hawa na gaske? Daga wani matashi mai keken tsere, Hanwa.

Amsa: Zariya fili ce mai tsayin kusan mita 650 daga teku, duwatsunta irin su Kufena da Madarkaci tsirowa suka yi daga ƙasa ɗai-ɗai, tituna kuma kewaye su suke yi. Hawa mai tsawon kilomitoci sai tsaunin Jos, inda garin kansa ke kan kusan mita 1,200, ko duwatsun Kagoro kusa da Kafanchan. Ka sa keken a mota ka je, ka nemi masu hawa na can su nuna maka hanya, don su suka san inda ake shiga da inda ba a shiga. Ka kauce wa Hawan Kibo, gangarar manyan motoci ce mai yawan haɗari.

Kafin ka je ka duba giyarka. Kekunan tsere na gwanjo da yawa na zuwa da 52 da 42 a gaba, 23 ko 25 a baya, giyar fili ke nan. Kana buƙatar aƙalla 34 a gaba da 30 ko 32 a baya, kuma sai na'urar giyar baya mai dogon hannu ce ke ɗaukar 32. A doguwar gangara kada ka riƙe birki a matse tun daga sama har ƙasa, gargare na yin zafi har tub ya fashe. Ka matse sosai ka rage gudu, ka saki ya huce, ka sake.

A nan gida kuma, ka zaɓi hawa guda da ke ɗaukarka minti biyu zuwa uku, ka haura da ƙarfi, ka gangaro a hankali, sau shida. Sau biyu a mako ya isa, da kwana biyu a tsakani.

Tambaya: Sarƙata na tsalle idan na danna feda a hawa, duk da ina zuba mata baƙin mai kowane mako. Daga wani ɗan kasuwa, Tudun Jukun.

Amsa: Baƙin man ne ya kashe ta, Alhaji. Yana da kauri, yana ɗauke da garin ƙarfen inji, kuma yana kama ƙurar hanya ya shigar da ita cikin gaɓoɓin sarƙar tana cin su daga ciki. Ka auna ta da ruwula: gaɓa 12 cikakku a sabuwar sarƙa inci 12 ne daidai, daga tsakiyar ƙusa zuwa tsakiyar ƙusa. Idan sun ƙaru da milimita ɗaya da rabi, a canza sarƙar kawai. Idan sun kai milimita uku, ta riga ta ci haƙoran baya, za ka ga sun yi tsini sun karkata, kuma sabuwar sarƙa a kansu tsallenta zai fi na tsohuwar. Sai a canza su tare. Ka sayi wadda ta dace da adadin farantan bayanka, ta giya shida zuwa takwas iri ɗaya ce, ta tara ta fi siranta.

Wajen kula da sabuwar, ka goge ta da tsumma mai ɗan kananzir, ka bari ta bushe, ka ɗiga mai marar kauri irin na keken ɗinki, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda baya sau ashirin, sannan ka goge duk man da ke waje har sarƙar ta yi kamar ba a sa mata komai ba. Da hunturu a yi haka duk mako, da damina kuma duk ranar da ruwa ya dake ta. Idan sarƙar da haƙoran duk sababbi ne amma tana tsalle tsakanin faranti biyu, wayar giya ce ta saki: a juya ɗan notin da ke bakin wayar, a jikin na'urar baya, rubu'in juyi zuwa waje, a gwada, a ƙara har ƙarar ta ɗauke.